Shekarar da Na Mayar da Yashi Rafi

Kwanaki wani saurayi ya same ni a tashar tifa, takardunsa na makaranta a hammata, wai yana so in sa shi a harkar yashi. Na ce masa, "Me ka sani game da ita?" Ya ce, "Baba Sale, ai ba wani abu ba ne. Ƙasa ce Allah ya zuba a rafi, a ɗiba a sayar." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Dominsa da ire-irensa nake wannan rubutu, ku da kuke ganin tifa ta wuce a cike kuna cewa an samu na banza.

Ranar da na fara aiki wajen ubangidana, Malam Garba Mai Jakai, bai ba ni shebur ba. Ya zaunar da ni a bakin rafi, ya tara yashi kashi uku a gabana, ya ce in rufe ido in damƙa. Na farko yana cizon tafin hannu, yana ƙara idan ka murza shi, shi ne na buga bulo. Na biyu mai laushi ne kamar gari, na filasta. Na uku da na matse shi sai ya dunƙule ya ƙi wargajewa. Malam Garba ya ce in goga shi a farar rigata. Na goga, ya bar jan tabo. Ya ce, "Wannan laka ce ta yi shigar yashi. Ranar da ka kai wa magini ita, katangarsa za ta tsage, sunanka ya bi ta."

Shekara shida ina bin jakansa. Mahaifina haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, kuma da kwanon sarkinsa na fara ɗaukar yashi a ka daga cikin rafi zuwa inda jakai suke tsayawa. Kayan aikinmu ba su da yawa: shebur, kwanon sarki, diga, rariyar waya, mangala, sai wata kwalba da Malam Garba ba ya rabuwa da ita. Idan mai saye ya yi gardama, sai ya zuba yashi a ciki, ya ƙara ruwa, ya girgiza, ya ajiye. Yashi ya kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa, kowa ya gani da idonsa. Har gobe akwai kwalba a motata.

Inda muke ɗiba wata kwana ce a rafi, can bayan gari ta wajen Titin Bauchi. Rafin yana zuwa da gudu ya bugi wani ƙaton dutse, ya karya, sai ya sauke duk yashin da ya kwaso daga kan tuddai. Ba a taɓa samun yashi mai tsabta irinsa kusa da gari ba. Wurin na wani manomi ne Birom, Baba Pam, don haka muke ce masa Kwanar Pam. Hanyar shiga ta ratsa gonarsa, tsakanin shingen ƙerana biyu. Matarsa, Ngo Chundung, ita take da lambu a gaɓar rafin: kabeji, latas, karas, koren wake. Da rani idan ruwan sama ya ɗauke rafi ya ƙafe, sai ta tona rami a cikin yashin, ruwa ya tsattsafo, ta ɗiba da bokiti ta yi ban ruwa. Wannan shi ne abin da yaran yanzu ba su sani ba. Yashin rafi tulu ne. Shi yake ɓoye ruwan damina ya ajiye wa rani. Ka kwashe shi ka kai ga dutsen ƙasa, ka fasa tulun.

Saboda haka tun kafin in zo Malam Garba da Baba Pam suka kafa turke. Wani guntun bututun ƙarfe ne da aka samo a tsohon filin kuza, suka buga shi a tsakiyar kwanar, suka yi masa tsaga uku da zarto a jiki. Kowace damina yashi yana binne shi har sai kansa kawai ake gani. Da kaka mu fara ɗiba. Ranar da tsagar nan uku ta bayyana, an gama, a ɗauke shebur sai wata shekara. Abin da ke ƙasa da tsagar Malam Garba yana ce masa uwar yashi, ba a taɓa ta. Ba takarda, ba shaida. Da jakai ma sau da yawa damina take riskarmu ba mu kai ga tsagar ba.

To, sai gari ya tashi.

Wanda bai ga Jos a ƙarshen shekarun saba'in ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Kuɗin mai sun shigo ƙasa, an ƙirƙiro Jihar Filato, jami'a ta buɗe, ofisoshi suna tsirowa. Kowace motar da ta tsaya a tasha sai ta zubar da mutane da akwatunansu, wannan malamin makaranta, wancan akawu, wancan makaniki, kuma kowa yana neman ɗaki. A Nasarawa Gwom wanda yake da fili a bayan gida ya sare bishiyar gwaibarsa ya jera ɗakunan haya, kafin a rufa kwano an kama su. Inda muka saba kiwon jakai ka je bayan wata biyu ka tarar an ja igiya ana haƙa harsashi. Ginin jar ƙasa ya zama abin kunya, kowa bulo yake so. Kuma bulo ba ya yiwuwa sai da mu. Mu da a da ake ce mana masu jakai, a kauce mana a hanya saboda ƙura, sai ga ma'aikaci da taye a wuya yana sallama a ƙofar gidana da sassafe yana cewa, "Ranka ya daɗe, a taimaka."

A lokacin Malam Garba ya tsufa, ya bar mini wurin. Na sayar da jakai goma sha ɗaya da wani fili da na gada, na sayi tsohuwar tifa wadda ta gama wahala a kamfanin kuza. Sai an tura ta take tashi, shi ya sa kullum a kan gangara muke ajiye ta. Na ɗauki direba, Iliya, mutumin Bukur, ya girme ni, bakinsa ba ya shiru. Ranar da muka yi sawun farko, abin da jakai suke yini suna jigila muka juye shi a ƙofar mai saye cikin ƙiftawar ido. Iliya ya leƙo ta taga ya ce, "Oga, ka ga jakin Bature? Ba ya cin kara, ba ya harbi!" Ni kuwa ina tsaye ina kallon tulin yashin, na san zamani ya juya, kuma ya juyo wajena.

Babban aikin da ya zo mini shi ne na wani ɗan kwangila, Oga Francis. Ya samu ginin gidajen ma'aikata masu yawa a gefen Titin Bauchi, kuma dole ya buga bulonsa duka kafin ruwa ya sauka. Ya zo da kansa har kwanar da takalminsa mai ƙyalli, ya damƙi yashin, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Sale, wannan nake so. Kada ka haɗa mini da wani. Ka cika mini, duk aikin da na samu a garin nan kai ne mai yashi." Na ce an gama. Na ƙara 'yan lodi, tifa ta koma tana sawu tun daga bayan asuba har la'asar sakaliya. Ba na manta daɗin waɗannan makonni. Shebur takwas suna tashi tare, 'yan lodi suna waƙa, Iliya yana danna oda tun daga bakin hanya, mai abinci ta kafa tukunya a gindin mangwaro saboda mu kawai.

Rani bai raba ba tsagar ta fito.

Shugaban 'yan lodi ne ya nuna mini da bakin shebur, wata ranar Asabar. Tsaga uku, ga su nan, a karo na farko da na gan su da wuri haka. Aikin Oga Francis kuwa ko rabi bai kai ba. Na duba yashin da ya rage, fari tas, ya fi na sama ma kyau. Na ce a raina, wannan tsaga ta zamanin jakai ce, waɗanda suka yi ta ba su san tifa ba. Washegari Lahadi, na san Baba Pam da iyalinsa duka suna coci har azahar. Na ɗauki babbar guduma na shiga rafi ni kaɗai da hantsi, ana jin gangar cocin daga kan tudu. Na dinga bugun kan turken har ya nitse kamu biyu, tsagar ta koma cikin yashi. Ranar Litinin na ce wa 'yan lodi su ci gaba. Suka dubi turke, suka dube ni. Iliya ne kawai ya ce, "Oga, ƙarfen nan ya rage tsawo da azumi ne?" Na ce ya kama sitiyarinsa.

Mako uku muna kwasa. A sati na biyu na lura Ngo Chundung tana daɗewa a raminta, tana jira ruwa ya taru. A na uku ta tona sabo, ta sake tona wani, tana kaiwa ga dutse. Latas ya fara kwanciya. Ni kuwa ina kauda kai, tifa tana tafiya.

Wata safiya muka iso bakin hanya muka tarar an rufe ta. An saro rassan ƙerana an jibge, an mirgino duwatsu. Baba Pam yana zaune a kan ɗaya da sandarsa, matarsa a tsaye a bayansa da bokiti babu komai a ciki. Na sauko na gaishe shi.

Ya ce, "Lafiya, yaron Garba. Zo mu je ka ga abu."

Ya kai ni gaban turken, ya ɗora yatsa a kansa. Ƙarfen da ya shekara fiye da ashirin yana tsatsa, kansa ya baje, yana walƙiya kamar sabon cokali.

Ya ce, "Wane ne ya goge mini wannan? Ka ga ya yi kyau."



Ngo Chundung ta ce, "Sale, kai da nake ba ka gwaten acca kana bin jaki ba takalmi? Ka jira muna gaban Allah ka zo ka yi wannan?"

Na fara cewa, "Mama, aikin ne ya yi yawa, zan biya duk abin da..."

Ta katse ni. "Ka biya kabeji? Kuɗinka zan zuba masa ya sha?"

Baba Pam ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "Ni da Garba ba mu rubuta komai ba. Shi Musulmi, ni Kirista, ƙarfe ɗaya ya ishe mu. Yanzu ƙarfe ya yi ƙarya. Matata ta ce ruwa ya gudu, na ce ruwa ba ya gudu, an kore shi ne. Ka ɗauki motarka. Akwai mutum uku suna roƙona wurin nan, ban ba su ba saboda Garba."

Wannan ita ce maganar da ta tsaya mini. Kwanar Pam ita ce dukan jarina. Tifa kowa zai iya saya, kuma a lokacin ana ta saye. Abin da ba ya sayuwa shi ne yashi mai kyau kusa da gari. Kwana biyu ni da Iliya muna zagaye rafukan da ke kewaye da Jos, duk inda muka je mun tarar da tifofi a layi, an kwashe har ana sarar gaɓa da diga, ana loda jar ƙasa ana ce mata yashi. Wasu har faɗa suke da shebur a kan wurin tsayawa. Sai a lokacin na gani da idona. Garin yana cin rafukansa da sauri fiye da yadda damina take cika su.

Na je na gaya wa Malam Garba, yana kwance a zaure. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Yashin da ka ɗiba ƙasa da tsaga, yana ina?" Na ce rabi an buga bulo, rabi yana jibge a filin Oga Francis. Ya ce, "To ba naka ba ne. Ka san inda mai shi yake." Ya juya fuskarsa bango.

Da safe na kai tifa filin Oga Francis babu kaya, na sa 'yan lodi suka fara loda tulin da ba a taɓa ba. Ba a riga an karɓe shi a hannuna ba, sai an auna a ƙarshen wata, don haka ba sata na yi ba. Amma da ya fito daga ofishinsa na kwano ya ga abin da ake yi, sai da hularsa ta faɗi.

"Sale! Ka haukace? Ina za ka kai?"

Na ce, "Rafi, Oga."

"Rafi? Wane rafi? Ni na ce ka kawo daga rafi, kai kana kai wa rafi?"

Na yi masa bayani. Ya ce shi bai san wata uwar yashi ba, shi siminti ya saya, leburori suna zaune, ruwa yana tafe. Gaskiyarsa ce, kuma na gaya masa haka. Na nuna masa waɗanda za su iya kawo masa daga nesa. Ya ce in fita, kada ya ƙara ganin ƙafata, kuma zai gaya wa duk ɗan kwangilar da ya sani. Ya cika alkawarinsa.

Kwana tara muna mayar da yashi. Baba Pam ya janye ƙerana daidai faɗin mota. Hanyarmu ta bi ta Tina Junction, kuma nan masu tifa suke shan shayi. Ranar farko suka ga mun nufi rafi a cike suka ɗauka ɓatan hanya ne. Rana ta biyu labari ya gama gari. Muna tahowa sai su miƙe suna tafi.

"Ga Sale mai sayar wa kifi yashi!"

"Alhaji, idan ka gama ka kai wa gajimare ruwa!"

Iliya ya leƙa ya ce, "Ku yi dariya da kyau, ku adana haƙoran, za ku ci ƙura da su a hanyar Toro!" Ni dai na ja hula na rufe fuska.

Mayar da yashi ba ya mayar da ruwa, sai an yi damina. Saboda haka na sayi duro takwas na ɗaure a bayan tifa. Kowace safiya mu je wani tsohon kududdufin kuza mu cika, mu kai lambu, Ngo Chundung da 'ya'yanta mata su yi ban ruwa. Latas ya riga ya mutu, amma kabeji da karas sun tashi. Haka muka yi har ruwan farko ya sauka. A lokacin da kowane mai tifa a Jos yake sayen ta biyu, tawa ruwa take ɗauka kyauta. 'Yan lodina suka watse suka koma wajen wasu. Wannan ita ce muguwar shekarata, kuma ta faɗo a tsakiyar shekarun da kowa yake cewa ba a taɓa ganin irinsu ba.

Daminar ta zo da ƙarfi. A wuraren da aka kwashe har ƙasa aka sare gaɓa, ruwa ya samu hanya, ya zabtare gonaki, ya cika rafin da laka. Da kaka masu tifa suka koma suka tarar da jan taɓo. Masu gonaki da yawa suka rufe hanyoyinsu. Kwanar Pam kuwa ta cika fal, fari tas, har ta binne turken gaba ɗaya.

Baba Pam ya aiko a kira ni. Na same shi a gindin ƙaton dutsen nan da rafi yake bugu, tare da wani mai fasa dutse da kayan aikinsa. Ya sa aka tona gefen dutsen, ya auna da sandarsa daidai inda tsohuwar tsaga take, ya ce a sassaƙa layi uku a jikin dutsen, masu zurfi. Muna tsaye har aka gama. Sannan ya juyo ya miƙo mini gudumar mutumin.

Ya ce, "Yaron Garba, ga shi. Ranar Lahadi ina coci. Ka buga wannan ya nitse mu gani."

Ngo Chundung ta fashe da dariya har ta riƙe ciki, mai fasa dutse ma haka. Ni ma na yi. Da yamma aka kwashe ƙerana daga hanya.

Daga wannan shekara na canza yadda nake ciniki. Na daina karɓar aikin da ya fi ƙarfin kwanar. Na koma sayar wa masu filasta da masu buga bulon da suka san bambanci, da tsada, kuma suna layi, domin ni kaɗai nake da farin yashi a bakin gari. Waɗanda suka yi mini tafi a Tina Junction suna yini a hanya su yi sawu biyu, ni ina yin shida in rufe da wuri. Idan layi uku ya fito, ni ma in bi su hanyar nesa, Iliya yana ɗaga musu hannu. Da haka na sayi tifa ta biyu da ta uku. Har Oga Francis, bayan shekara biyu, ya aiko birkilansa a ɓoye ya sayi na filastar gidansa.

Gari bai tsaya ba. Bayan rasuwar Baba Pam 'ya'yansa suka yanka gonar suka sayar, ban ga laifinsu ba, gidaje sun riga sun kewaye su ta ko'ina. Aka gina tuddan da yashin yake gangarowa daga cikinsu, rafin ya daina kawo komai sai leda da ruwan kwata. Waɗanda suka zo bayanmu suka kwashe abin da ya rage. Babban ɗan Baba Pam ya gina gida a daidai inda lambun uwarsa yake, kuma ni na kawo masa yashin, daga tafiyar fiye da awa guda.

Saurayin nan mai takardu, ban kore shi ba. Na sa shi a mota na kai shi wurin. Muka sauka ta bayan wani shagon walda, muka taka dutsen ƙasan rafin, ba ko damƙi ɗaya na yashi. Na ce ya nemo mini layi uku a jikin dutsen. Ya duƙa yana dubawa wajen gwiwarsa, ya zagaya, ya ce bai gani ba. Na ce ya ɗaga kai. Suna can sama, ya yi ɗage ya miƙa hannu, yatsunsa ba su kai ba.